Tattabarun da Ba Sa Cikin Littafi

A masana'antarmu hannu ne ke naɗa taba, kunne kuwa na Don Eulogio ne. Da safe jarida yake karanta mana, bayan abincin rana kuma littafin labari, yana zaune a kan dandamalinsa, tabarau a ƙarshen hanci, baki dab da lasifika. In wuri ya yi mana daɗi sai mu buga wuƙaƙen naɗinmu a kan katako, ɗakin ya ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. In bai yi ba, tsaki zai ji ta kowace kusurwa. Mu ke zaɓen littafi, mu ke yanke masa hukunci, kuma ba mu da sauƙi ko kaɗan.

Littafin da aka zaɓa a wancan lokacin sunansa Gawa a Gonar Zuma. Ni Migdalia ban ɗaga masa hannu ba, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Labarin wani ƙauye ne a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, inda aka tsinci wani mai kiwon zuma, Mista Penrose, kwance tsakanin amyoyinsa ba rai. Duk ƙauyen suka zargi matarsa Edith, don kowa ya san sun daɗe suna cin abinci a tebur ɗaya ba mai ce wa wani uffan. Wata gwauruwa mai sayar da furanni ce ta ɗora wa kanta binciken, ba wanda ya sa ta, tana bin gida gida tana shanye wa mutane shayi. An kashe mutum, amma kowa yana yanka kek yana zancen hadari. A garinmu da tuni maƙwabta sun gama shari'ar kafin gawar ta huce.

Zenaida ce ta fi kowa son littafin. Bencinta yana dama da nawa, kuma comadre muke ce wa juna, don ni na riƙe ɗanta Yoandri ranar da aka yi masa baftisma. Mijinta Orestes, wanda shi kuma nake ce wa compadre, yana aiki can baya, a rumfar da ake jibge ganye ya nuna, inda muryar Don Eulogio ba ta kaiwa. Saboda haka tun suna sabon aure suka saba, in an tashi aiki ya ɗauko kekensa, ta zauna a baya, ta ba shi labarin abin da aka karanta ranar har su isa gida. Mutane sha'awar abin suke yi. Ni da nake kusa na san cewa tun da Yoandri ya bar ƙasar, wannan labarin na kan keke shi kaɗai ne zancen da ya rage tsakaninsu. Da sun isa gida ita ta shige kicin, shi ya hau rufi wurin tattabarun da yaron ya bari, ba zai sauko ba sai abinci ya yi sanyi.

Orestes ba ya sha, ba ya duka, ba ya neman mata. Wannan ne ma ya sa abin ya yi wuyar faɗa, don duk wanda ta yi wa ƙorafi cewa yake ta gode wa Allah.

Wata rana, littafin bai ko kai rabi ba, tana yanke bakin taba ba ta dube ni ba ta ce, "Comadre, ranar da aka gama littafin nan, washegari zan tafi garin Holguín wurin Nereida."

Nereida yayarta ce. Na ce, "Ziyara?"

"Har da keken ɗinkina zan tafi."

Na ajiye ganyen da ke hannuna. "Shi ya sani?"

"Wa zai gaya masa? Mutumin da in na ce rufi na yoyo sai ya ce uhm, in na ce Yoandri ya kira ya ce uhm. Na gaji da zama da uhm, comadre."

"To me ya sa sai an gama littafin?"

"Na fara ba shi labarin, sai na ƙarasa masa," ta ce. "Ba a barin mutum bai san wanda ya yi kisa ba."

Raina ya ɓaci sosai, don ina son su duka biyun, kuma na san Zenaida ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Ƙarƙashin mangwaron tsakar gida muke cin abinci, kuma nan ake yi wa littafi wankin babban bargo. Shugaban masu surutu Chucho ne, mai liƙa wa taba zoben takarda, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ko da cokali a ciki.

"Matar ce ta kashe shi," in ji Chucho. "Ba sai an sha shayi ba. Mutum yana aikinsa, yana kawo zuma gida, bai taɓa marin ta ba, me kuma take so? Ya yi mata waƙa?"

Wata daga layin baya ta ce, "Kai da a ce za ka yi shiru irin nasa ko na yini guda, da matarka ta kunna kyandir a coci."

Aka fashe da dariya. Wasu suka ce ɗan'uwan mamacin ne, saboda ya cika murmushi. Wasu suka ce littafin ba shi da gishiri, mutum ɗaya tak aka kashe, ba a ko yi dambe ba. Ni na ce abin da ke damuna shi ne Edith ɗin nan, kullum tana tsaye a taga tana kallon ruwan sama, a tambaye ta ta ce ba komai. Mace ta buɗe baki mana!

Orestes yakan fito daga rumfarsa ya zauna a kan tushen bishiyar da shinkafarsa da wake, ya ci ya koma, ba ya tanka wa kowa. Ranar nan sai ga shi ya yi gyaran murya.

"Ni abin da ya tsaya mini," ya ce, "maganar da Edith ta gaya wa mai furannin jiya. Wai ranar da aka yi mata aikin ido, mijin ya bar ta ta dawo daga asibiti ita kaɗai, saboda ana tseren tattabaru."

Cokula suka tsaya. Babu aikin ido a littafin. Babu tattabara ko ɗaya. Amma duk wanda ke ƙarƙashin mangwaron nan ya san bara aka yi wa Zenaida aikin ido a birni, kuma ni ce na je tasha na riƙo hannunta zuwa gida. Na ga Chucho ya buɗe baki, na taka masa ƙafa har sai da ya haɗiye maganar tare da wakensa.

"To me ka gani a ciki, compadre?" na tambaye shi.

Orestes ya juya shinkafarsa. "Mutumin bai kyauta ba. Ko alama bai kyauta ba. Sai dai na ce ko tsoron asibiti yake ji, ya kasa faɗa."

Ya rufe kwanonsa ya koma rumfa. Zenaida tana zaune tana ɓare ayaba a tsanake, kamar da wata ake.

Da muka koma benci na matso na ce, "Comadre, me kike yi haka?"

"Ke ce fa kullum kike cewa Edith ta buɗe baki," ta ce. "Ba ta da shi, na ara mata nawa."

Na so in yi mata faɗa, amma dariya ta ci ƙarfina. Shi kuma Orestes tausayinsa ya kama ni, har da ɗan haushi. Na ce a raina, mutum ya zama sakarai har ana nuna masa hotonsa yana cewa wane ne wannan mummunan?

Daga ranar masana'antar ta koma tana da littafi biyu. Akwai na Don Eulogio, mai zuma da shayi, akwai kuma na kan keke, wanda muke jin labarinsa washegari daga bakin Orestes. Ba wanda ya kira taro, amma kowa ya gane ba a tona zancen. Matan layinmu suka sa Chucho a tsakiya lokacin cin abinci, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Don Eulogio kansa da labarin ya kai masa ya fusata, ya ce shi tun da yake bai taɓa ƙara wa marubuci ko waƙafi ba, ba za a ce ya karanta tattabaru ba. Muka ce masa, "Don Eulogio, da girmanka, ka sha ruwanka ka ci gaba da zumarka." Ya bi mu da harara ta saman tabarau, amma ya koma kan karatunsa.

Gaskiya na kan keken ya fi daɗi. A cikinsa Edith tana da ɗa a ƙasar waje, wanda in ya kira waya uban sai ya miƙa wa uwar ba tare da ya ce masa ko sannu ba. A cikinsa tana dafa baƙin wake yadda mijin yake so, shi kuma ya ci a tsaye kamar mai jiran mota. Kullum Orestes zai zauna a kan tushen mangwaro ya kawo mana sabon laifi, ya yanke hukunci da kansa.

"Wannan Penrose ɗin jaki ne," ya ce wata rana. "Amma ni ban yarda ba ya son ta ba. Akwai mutanen da magana take maƙale musu a nan." Ya taɓa wuyansa.

Wata ta ce, "To ita matar likita ce da za ta san abin da ke maƙogwaronsa?"

"Ba likita ba ce," ya ce. "Tana da gaskiya."

Abin da na lura da shi, maza da yawa da ke goyon bayan Penrose a farko sun fara cin abinci kansu a ƙasa. Wani ma aka ce ya sayo wa matarsa sabulu mai ƙamshi ba dalili, har ta fara zarginsa. Zenaida dai naɗin tabarta kawai take yi. Na tambaye ta ko ta fasa tafiyar, ta ce, "Wa ya yi mini magana da zan fasa? Edith aka yi wa."

Ana gobe za a gama littafin abin ya fashe. Gardama ce ta yi zafi kan wanda ya yi kisan, Chucho ya kafe a kan matar, har ya miƙe tsaye yana nuna mutane da cokali. Matan da ke tsaronsa suka shagala da nasu musun.

"Ba ita ba ce," in ji Orestes. "Matar da har yanzu take ajiye masa kofi a ƙarƙashin tsani ba za ta kashe shi ba. Tafiya za ta yi. Ai ta faɗa jiya, za ta tafi wurin yayarta har da keken ɗinkinta."

"Wace yaya?" Chucho ya daka tsawa. "Wane tsani? Haba Orestes, ka ishe mu! Babu yaya, babu ɗa, babu tattabaru a littafin nan! Zuma ce, mutumin Allah, zuma! Matarka ce ke shirya maka su a bayan keke, kai kuma kana haɗiyewa!"

Da ina da wuƙar naɗina a hannu ban san abin da zan yi wa Chucho ba. Na dubi Orestes ina jiran in ga fuskar mutumin da aka kunyata a gaban jama'a, amma ko gezau bai yi ba. Ya ajiye cokalinsa a cikin kwano.

"Na sani, Chucho," ya ce. "Zauna, kada wakenka ya zube. Ka ɗauka ban san kofin da ake ajiye mini a ƙarƙashin tsanina ba? Tun ranar labarin aikin ido na gane."

Zenaida ta miƙe. Ban taɓa ganin ta fusata haka ba.

"Ka gane?" ta ce. "Ka gane, tsoho, ka bar ni ina ta zuba a bayanka kamar rediyo? Sannan amsata ka kwaso ka kawo wa Chucho ƙarƙashin mangwaro?"

"In na ce na gane, shiru za ki yi," ya ce. "Rabon da in ji kin yi magana mai tsawo haka har na manta. Ban so ki daina ba."

"To ni fa? Ni ba na son in ji?"

"Ai kina nan zaune kullum, kina ji."

"Da Edith kake yi! Ni sunana Zenaida!"

Ya dubi ƙasa, ya dubi bishiya, ya dubi ko'ina ban da ita. "Da ke ban iya ba," ya ce a hankali.

"To ka koya. Gobe ake gama littafin."

Ta kwashi kwanonta ta shige ciki. Da aka tashi aiki ranar a ƙafa ta tafi gida, shi yana biye da ita daga nesa yana tura keke. Chucho kuwa ba wanda ya amsa masa sallama, har mai gadin ƙofa.

Washegari Don Eulogio ya karanta babi na ƙarshe. Ashe maƙwabcinsu ne ya yi kisan, wani tsoho mai ladabi da kowa ke yabo, kuma wai a kan shingen da ke tsakanin gonakinsu. Mai furanni ta tara mutane a falo ta yi musu bayani, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi ba ko ɗaga murya, Edith ta sayar da amyoyin ta buɗe tagoginta, aka sha shayi. Rabin ɗakin suka buga wuƙaƙe, rabi suka yi tsaki. Wani ya ce an cuce shi, tun farko ba a nuna masa shingen ba. Wata ta ce ita ta ji daɗi, ko ba komai matar ta huta. Ni tsaki na yi, don an gano wanda ya kashe mutumin amma ba wanda ya damu ya tambayi abin da ya kashe auren, kuma shi ne abin da na zauna ina jira. Zenaida ba ta buga ba, ba ta yi tsaki ba. Ta share katakonta tas, ta naɗe wuƙarta a tsumma ta sa a jaka, abin da ba ta taɓa yi ba, don a benci muke barin su.

Orestes yana bakin ƙofa da kekensa. Ya wanke fuska, ya sa riga mai tsabta, da gani bai yi barcin kirki ba. Ba zan ɓoye ba, tsayawa na yi kusa da su ina gyaran igiyar takalmi da ba abin da ya same ta.

"Maƙwabcin ne," Zenaida ta ce masa. "A kan shinge. Shi ke nan, na ƙarasa maka."

"Zenaida," ya ce. Sai ya tsaya. Ya matse birkin keken ya sake, ya matse ya sake. Na ɗauka shi ke nan, uhm ɗin ce za ta fito.

"In na zauna a tebur, kujerar Yoandri nake gani," ya ce. "Ke kika ce kada ya tafi, ni na ce ya tafi. Ni na sayar da babur na ba shi kuɗin tafiya. In na dube ki sai in ga kamar jira kike in ce na yi kuskure, ni kuma har yau ban sani ba ko kuskure ne. In ya kira, tsoro nake ji kada in ji a muryarsa cewa yana shan wahala. Shi ya sa nake miƙa miki. Su tattabarun ba sa tambayata komai."

Maganar ta fito a karkace, amma ta fito. Idona ya cika da ƙwalla, na ƙara sunkuyawa kan takalmina.

"Ni ma ban tambaye ka ba," in ji Zenaida. Muryarta ta sauka. "Ban ce ka dawo mini da shi ba, tsoho. So nake ka sauko ka zauna mu yi kewarsa tare. Ni kaɗai nake yi a kicin, kai kaɗai kake yi a rufi, kamar yara biyu muka rasa."

"Zan sauko."

"Nereida ta riga ta gyara ɗaki. Na ce mata gobe, kuma gobe zan tafi. Magana ɗaya a bakin ƙofa ba za ta goge shekarun nan ba."

Ya tsura wa keken ido har na fidda rai. Mutane suna wucewa ta gefenmu suna rage tafiya, Chucho ma ya maƙale a jikin bango yana yin kamar yana kunna taba.

"Ɗakin nata," Orestes ya ce, "zai ɗauki mutum biyu?"

Zenaida ta dube shi sosai, irin kallon da muke yi wa ganye kafin mu yarda ya hau kan taba. "Holguín da nisa," ta ce. "Hanyar duk kai za ka yi magana, ni na gama nawa. Tattabarun kuma fa? Rabonka da ka kwana nesa da su tun da yaron ya tafi."

Ya juyo wurina, kamar dama ya san ba takalmi nake gyarawa ba.

"Comadre," ya ce, "kina iya hawa tsani?"

Na ce masa gwiwoyina sun daɗe da ajiye aiki, kuma ni da tsuntsu ba ma ga maciji, amma ya zo ya nuna mini inda yake ajiye masarar tattabarun.